Kundin tsarin mulki: ina ruwan ɗan ƙauye da shi?

Sagiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a ce yaro ya cika surutu. Kullum aka kunna rediyo sai ka ji ana cewa za a yi wa kundin tsarin mulki gyara domin jihohi su samu damar kafa 'yan sandansu. Abin da ya ɗaure min kai, ba muna da majalisa a Dutse ba? Mutum 30 muka tura can. Me zai hana su zauna su yi doka, gwamna ya sa hannu, a ɗebi yaranmu aiki, a wuce wurin? Me ya kawo Abuja cikin maganar?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Barista Nasiru, taka ta samu. Sauran jama'a kuma sharaɗin zaure yana nan yadda yake, ba zagi, ba tallan jam'iyya.

Barista Nasiru: Allah ya gafarta Malam, na amsa. Sagiru ƙanena, dokoki ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai kundin tsarin mulki a sama, sauran duk a ƙarƙashinsa suke, ko ta majalisar tarayya ce, ko ta Dutse, ko ta ƙaramar hukuma. Sashe na 1 na kundin 1999 shi ya faɗi haka, ya ƙara da cewa duk dokar da ta ci karo da shi, wurin da ta ci karon ya zama banza. To sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, kuma ba za a kafa wata ba, ko ta tarayya ko ta wani yanki. Ka ga ko mutum talatin ɗin nan duk sun ɗaga hannu, ranar da wani ya kai ƙara kotu za a soke dokar. Dole sai an taɓa kundin kansa. Taɓa shi kuwa aiki ne. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa mai mutum 109 sun yarda, haka kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai mai mutum 360, sannan a zagaya jihohi, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A nan ne 'yan majalisarmu na Dutse suke da ta cewa.

Sagiru: To Yaya, an taɓa yin irin wannan gyaran ya wuce kuwa? Ni kamar magana ce kawai ake yi duk shekara.

Barista Nasiru: An yi. A 2018 an rage shekarun tsayawa takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a wasu gyare-gyaren, aka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Kundin yana da jeri biyu, jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar soja da kuɗi da fasfo da 'yan sanda, da jerin waɗanda tarayya da jiha duk za su iya. Masu neman 'yan sandan jiha so suke a ɗauke su daga jerin farko a mayar na biyu.

Baba Alhaji Sale: Ku yara kuna maganar 'yan sandan jiha kamar sabon abu. Mu mun tashi mun tarar da 'yan doka da dogarai a hannun En'e, ga kotun sarki, ga gidan yari, duk a hannu ɗaya. Sai a zamanin Gowon aka karɓe su aka mayar hannun gwamnati. Ba zan ce babu alheri a wancan tsarin ba, don ɗan doka ya san kowa, ya san gidan uban kowa, ɓarawo bai isa ya kwana biyu a gari ba a sani ba. Amma ku tambayi duk wanda iyayensa suka yi NEPU abin da suka gani. Mutum zai tafi taron siyasa, ya ƙare a kurkuku, wanda ya kama shi da wanda ya yi masa shari'a da wanda ya tsare shi duk ubangidansu ɗaya. Wannan raba iko da kuke karantawa a makaranta, a ce masu yin doka daban, masu zartarwa daban, alƙalai daban, ba don ado aka yi shi ba. Na yi shekaru ina rubutu a kotu kafin in yi ritaya, na san abin da nake faɗa.

Tsohon Kansila Garba: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku dutse ce. Amma ni wannan kundin gaba ɗayansa ban yarda da shi ba. Wa ya tambaye mu? Sojoji ne suka sa aka rubuta, Abdulsalami ya fitar da shi da dokar soja, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999, amma a farkonsa aka rubuta wai mu al'ummar Najeriya ne muka yi wa kanmu. Yaushe muka yi? Ni dai ba a zo Gujungu an tara mu an karanta mana ba.

Barista Nasiru: Honarabul, a nan kam ba kai kaɗai ba ne, manyan lauyoyi da dama sun daɗe suna faɗar haka. Dokar soja mai lamba 24 ta 1999 ce ta haifar da shi, kuma yawancinsa daga kundin 1979 aka kwaso. Sai dai in za a bi asali, wanne ne aka tambaye mu? Na Gwamna Kilifod a 1922 da na Gwamna Ricas a 1946 Turawa ne suka yi abinsu. Na Makfasan a 1951 shi ne aka ɗan zagaya aka ji ra'ayin mutane. Na 1979 an yi majalisar tsara shi, amma sojoji suka ƙara nasu kafin su miƙa. Ni abin da nake cewa, da shi aka rantsar da kai kansila, kuma shi za ka ɗauka ka kai wa alƙali ranar da aka taka ka.

Tsohon Kansila Garba: To ai ka ji, sai da ka soko ni ciki.

Anti Larai: Ku yi haƙuri in katse ku, tunda ga lauya a kusa. Maƙwabciyata ce take cikin damuwa. Babban ɗanta ya karɓi taki bashi da damina, ya ce in an yi girbin shinkafa zai biya. Ruwa ya cinye gonar, shi kuma ya tsallake ya tafi kudu ci-rani, wayarsa ma ba ta shiga. Mai takin ya kai ƙara caji ofis, ba zan faɗi ko wanne ba ne. Da aka zo ba a samu yaron ba sai aka tafi da ƙanensa, wai ya zauna har yayan ya dawo ko a kawo kuɗin. Yaro ko gonar bai taɓa zuwa ba, ɗinki yake koyo. Uwar har ta fara neman mai sayen akuyoyinta. Barista, haka doka ta ce?

Barista Nasiru: Anti, ko kusa. Abu uku ne a nan kuma ko ɗaya bai tsaya kan doka ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama mutum a madadin wanda ake nema. Ba uba, ba uwa, ba mata, ba ƙane. Sashe na 32 na dokar kuma ya ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Bashi maganar kotu ce, mai kuɗi ya je ya shigar da ƙara, a aika sammaci. Sai na ukun, wanda yake cikin kundin kansa, sashe na 35. Duk wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Kuma dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A wannan wa'adin na kai wa kotu an cire masu manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne, amma ina bashin taki ina wannan? Sashen ya ma ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kada ta sayar da akuya ko ɗaya. Beli a caji ofis kyauta ne.

Ɗanladi Mai Taki: Kafin wani ya fara kallona, ba ni ba ne mai takin. Amma Barista bari in faɗa maka gaskiya, kai a ofis kake, mu ne a kasuwa. Ni ma bashi nake ɗauko kayan nan daga Kano, ranar biya ba a jin ruwa ya ci gona. Ka ba mutum buhu goma, ya gudu, ka je kotu, a ce ka dawo wata mai zuwa, ka dawo a ce alƙali ya yi tafiya, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar. Amma ranar da aka ɗauki ɗan gidan, kafin la'asar dangi sun haɗa kuɗi. To wanne kake so in bi? In aka ce wannan hanya ta toshe, wallahi mu ma sai mu daina bayar da bashi, kuma talakan da kake karewa shi zai rasa taki.

Anti Larai: Haba Ɗanladi. Da ɗanka ne aka rufe saboda bashin wani, haka za ka ce?

Ɗanladi Mai Taki: Anti ban ce daidai ba ne. Cewa na yi shi ke aiki.

Malam Yakubu Liman: Ɗanladi, ka ji tsoron Allah a wannan. A addini ma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma wanda ke cikin ƙunci an ce a jira shi har ya samu sauƙi. Amma haƙƙinka haƙƙinka ne, bashi ba ya faɗuwa don ruwa ya ci gona. Laifinmu shi ne ba ma rubutawa, ba ma kafa shaidu, alhali an umarce mu da yi. Sai a ba da kayan dubban ɗaruruwa a bakin rumfa da "Allah ya kai mu kaka".

Barista Nasiru: Allah ya saka wa Malam. Ɗanladi, kukanka na jinkirin kotu gaskiya ne, ba zan musa ba, mu da muke yini a can mun fi kowa sani. Amma ga hanyar da ta fi maka. Ka rubuta, mutum biyu su sa hannu, sannan ka nemi wanda zai tsaya masa. Idan uba ko ƙane ya sa hannu cewa shi ya lamunce, to ka samu wanda za ka kai ƙara ko da mai bashin ya gudu, kotu kuma tana iya sa a sayar da kadara a biya ka. Ko shi mai lamunin ba rufe shi za a yi a caji ofis ba, ƙara za ka kai shi. Inda 'yan sanda suke da hurumi shi ne in akwai zamba, misali mutum ya nuna maka gonar da ba tasa ba, ko ka ba shi kaya ya kai wani wuri ya karkatar. Wannan laifi ne a finalkod, dokar hukunta laifuka. Abin da ke faruwa shi ne mutane sun gane haka, sai a ɗauki bashi tsurarsa a sa masa sunan cin amana don a samu a rufe mutum. Ka kuma sani, wanda ya kai ƙarar ma ana iya haɗawa da shi a nemi diyya in ta tabbata shi ya sa aka yi tsarewar.

Ɗanladi Mai Taki: Au, har ni mai bin bashi in koma mai biya?

Barista Nasiru: Ana yi kuwa.

Anti Larai: To yanzu me za ta yi? Mace ce ita kaɗai, mijin ya rasu.

Barista Nasiru: Ta samu dattijo ɗaya ko mai unguwa su je tare su nemi ganin DPO da kansa, cikin ladabi, su ce yaron ba shi ake nema ba, suna roƙon a sake shi ko a kai shi kotu. Sau da yawa a nan take maganar ke mutuwa. In ba ta mutu ba, akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta tarayya, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, dukansu suna da ofis a Dutse. Sashe na 46 kuma ya ba da dama a tafi babbar kotun jiha kai tsaye, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare. Anti ki kira ni bayan magariba, ba sai mun baje sunan mutane a zaure ba.

Baba Alhaji Sale: Nasiru, ƙara musu da wannan. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Na sha ganin mutum ya shigo kotu, tun kafin a karanta masa tuhuma gari ya gama yanke masa hukunci. Kuma in ba ya jin harshen da ake shari'ar, dole a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Mutanenmu da yawa sun amsa laifin da ba su fahimta ba, don kunyar a ce ba su ji Turanci.

Barista Nasiru: Haka yake Baba, sashe na 36 ne. A cikinsa ne kuma aka ce ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, ba a yi masa shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, kuma ba a kama shi da laifin da babu shi a rubutacciyar doka a lokacin da ya aikata.

Malam Yakubu Liman: Barista, ni ga tawa. Ka ce kundin nan yana sama da kowace doka. To ina matsayin kotunan shari'ar Musulunci da muke da su tun 2000? Mu dai a wurinmu babu abin da ke sama da hukuncin Allah.

Barista Nasiru: Allah ya gafarta Malam, a imani babu mai ja da ku. Ni tsarin kotuna nake bayani. Kotunan shari'a na jiha da dokar majalisar jiha aka kafa su, Zamfara ta fara shelantawa a Oktoban 1999, Kano da Jigawa suka biyo a 2000. Shi kansa kundin ya san da shari'ar Musulunci. Sashe na 275 ya ba duk jihar da ke so damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, sashe na 277 ya lissafa huruminta: aure da saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ta ɗauki wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Tsakanin waɗannan biyun ne aka daɗe ana ja-in-ja. A aikace, in an raba gado ba ka gamsu ba, za ka ɗaukaka daga ƙaramar kotun shari'a zuwa babba, zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, daga nan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, har kotun ƙoli. Kundin ya ma wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya saboda irin wannan.

Sagiru: Wato kamar yadda aka yi a shari'ar gwamnan Kano? Kotu biyu suka ce a'a, ta ƙarshe ta ce e.

Barista Nasiru: Ita ce. Kotun sauraron ƙarar zaɓe da kotun ɗaukaka ƙara duk sun soke nasarar Abba Kabir Yusuf, kotun ƙoli ta mayar masa ranar 12 ga Janairu 2024. Daga ita babu gaba.

Malam Habu: A tsaya nan kan Kano, na ga wasu sun fara rubutu. Mun san inda za ta kai mu.

Ummi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni tambayata kan makaranta ce. An ce kundin ya ce gwamnati ta ba da ilimi kyauta da lafiya da tsaro. Ajin ƙannena iska ta ɗauke rufin tun bara, in hadari ya taso sai a tashi yara. Tunda haƙƙinmu ne, ba za mu iya haɗuwa mu kai ƙara ba kamar yadda aka ce a yi kan yaron can?

Barista Nasiru: Ummi, kin taɓo wurin da ya fi ba ni haushi a kundin nan. Akwai babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa 46: rai, mutunci, 'yancin walwala, adalci a shari'a, addini, faɗar albarkacin baki, taro, zirga-zirga, mallakar dukiya. Waɗannan in an taɓa miki, kotu za ta saurare ki. Sai kuma babi na biyu, wanda ya fi daɗin karantawa. A nan aka ce mulki na jama'a ne, tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, za a yi ƙoƙarin ba da ilimi kyauta da kula da lafiya. Amma sashe na 6 ya zo ya ce kotu ba ta da ikon tambayar ko gwamnati ta cika abin da ke babi na biyu. An rubuta alkawarin, an kuma rufe ƙofar da za ki bi ki nema. Sai in majalisa ta ɗauki wani abu daga ciki ta mayar da shi doka mai zaman kanta. An yi haka da ilimi a 2004, dokar ilimin bai-ɗaya ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don wannan, amma jiha ba ta karɓar nata sai ta ajiye kwatankwacinsa. Don haka akwai abin kamawa, sai dai in rufin aji ne, takardar koke daga kwamitin makaranta zuwa sakataren ilimi da ɗan majalisarku za ta fi ƙara saurin kawo kwano.

Malam Habu: Mu malamai mun rubuta har mun gaji. Amma iyaye ba su taɓa sa hannu sun tafi da kansu ba, wannan kam gaskiya ne.

Tsohon Kansila Garba: Ku tambaye ni inda kuɗin yake maƙalewa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 27 a Jigawa, 44 a Kano, kowacce da kasonta daga asusun tarayya. Amma kuɗin ba ya zuwa kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma wannan a duk faɗin ƙasar ne, ba jiha ɗaya ba. Kansila yana zaune mutane na ganin shi ya ci, alhali ko kwalbati ba zai iya ginawa ba sai an sahale daga sama.

Barista Nasiru: Shi ya sa hukuncin kotun ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 ya yi ƙara. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, domin sashe na 7 zaɓaɓɓu ya sani. Sai dai asusun haɗin gwiwar har yanzu yana nan rubuce a sashe na 162, kuma hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne ke naɗa ta.

Tsohon Kansila Garba: To ka gani. Wanda ya naɗa mai busa usur ai shi ya ci wasan.

Sagiru: Yaya Barista, ɗan majalisar da ya tafi bai sake waiwayo mu ba fa? Dole sai mun jira shekara huɗu?

Barista Nasiru: Akwai kiranye, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. Hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada wa Dino Melaye a Kogi a 2018, abin ya mutu tun wurin tantancewa, kuma har yau babu ɗan majalisar da aka taɓa dawo da shi gida ta wannan hanya. Gwamna kuwa ba a yi masa kiranye, majalisa ce ke tsige shi, kashi biyu cikin uku, bayan babban jojin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai sun bincika. Kuma muddin yana kan kujera yana da rigar kariya ta sashe na 308, shi da mataimakinsa da shugaban ƙasa da mataimakinsa. Sanata da ɗan majalisa da ciyaman ba su da ita, ko da yake wasunsu suna tafiya kamar suna da ita.

Baba Alhaji Sale: Tsigewa kam mun gani da idonmu, Balarabe Musa a Kaduna, 1981. Shi ɗan jam'iyyar PRP, majalisa kuma NPN ke da rinjaye, ko kwamishinoni ba su bari ya naɗa ba. Mutane suna ɗauka sai an yi sata ake tsige gwamna. Yawan hannu ne kawai.

Ɗanladi Mai Taki: Tunda yau ranar tambaya ce, ni ma ga tawa, kuma wannan ba ta bashi ba ce. Ana ta raɗe-raɗin za a fitar da hanya ta bayan gari, ta bi ta gonakin fadama. Gonata ta gado ce tun kakana, ina da takardar dagaci. Za a iya karɓewa haka kawai?

Barista Nasiru: Za a iya karɓa, amma ba haka kawai ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma an ɗaure ta a jikin kundin ta sashe na 315, ba a gyara ta sai ta irin hanyar gyaran kundin. Abin da kake da shi a idon doka haƙƙin zama da amfani ne. Wanda ke noma gonarsa tun kafin 1978 dokar ta bar masa ya ci gaba. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Takardar dagaci shaida ce mai amfani, musamman in rikicin iyaka ya taso, amma ba ita ce takardar gwamnati ba. Gwamna yana iya janye haƙƙin don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti ko makaranta, amma sai an ba ka sanarwa, kuma sashe na 44 na kundin ya ce a biya diyya ba tare da jinkiri ba. Inda mutane ke shan mamaki shi ne lissafin diyyar. Ba kuɗin ƙasar ake biya ba, abin da ke kanta ake ƙiyastawa: amfanin gona, itatuwa, rijiya, gini.

Ɗanladi Mai Taki: To ni da nake da mangwaro da rijiyar burtsatse biyu a ciki fa?

Barista Nasiru: Duk suna cikin lissafi. Ka ɗauki hotonsu tun yanzu, ka ƙirga itatuwan a gaban mai unguwa a rubuta, ka adana rasiɗin haƙa rijiyoyin in kana da shi. Ranar da masu ƙiyasi suka zo ka tsaya da kanka, kada ka aika yaro, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. In gonar ta gado ce ba a raba ba, ku zauna da 'yan'uwanka mata da maza ku fitar da wanda zai karɓa da sunan kowa, a rubuce.

Anti Larai: Ka ji ko Ɗanladi, har da mata aka ce.

Ɗanladi Mai Taki: Na ji Anti. Barista, rasiɗin rijiya ɗaya ya ɓace, amma wanda ya haƙa yana nan da ransa a Ringim.

Barista Nasiru: Ya rubuta maka wani da kwanan watan da ya yi aikin, ya sa hannu da lambar wayarsa. Ya wadatar.